Na yi mafarkin rasuwar yayana kafin ta faru, yanzu wani "dakta" yana neman dala 300 ya buɗe mini baiwa

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, ina da aure da 'ya'ya biyu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Zariya. Wata takwas ke nan da yayana ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kano. Direban motar haya ne, shi ya riƙe mu tun bayan rasuwar mahaifinmu. Kwana biyar kafin abin ya faru na yi mafarki na gan shi kwance an lulluɓe shi da farin ƙyalle, mutane sun cika ƙofar gidanmu. Na farka jikina na rawa, na yi addu'a, ban gaya wa kowa ba. Anti, da na kira shi na ce kada ya fita, wataƙila da yanzu yana nan.

Tun daga lokacin barci ya zame mini abin tsoro. Duk mafarkin da na yi sai na tashi na kama kiran 'yan uwa. Sau biyu na hana maigidana tafiya Kaduna har ya yi asarar wani aiki. Na hana Umma zuwa biki Funtuwa. Ƙanena kuwa ya ƙi jin maganata ya tafi Abuja, ban runtsa ba sai da ya dawo. Wani lokaci ina cikin girki sai na ji kamar muryar Yaya yana kiran sunana. Wasu a dangi suna cewa ruwa ba ya tsami banza, Allah ne ya ba ni baiwa. Maigida kuma ya fara gajiya, ya ce na mai da gidan gidan fargaba.

A TikTok na ci karo da wani Bature da ke kiran kansa dakta a fannin farasaikoloji, wai binciken abubuwa irin su ganin abu kafin ya faru. Ya ce masana kimiyya a Amurka sun tabbatar akwai masu ganin abin da zai faru, har gwamnati ta yi aiki da su. Na tura masa dala 50 ya duba ni ta WhatsApp. Wallahi Anti ya gaya mini na rasa namiji na kusa da ni a kan hanya, ya faɗi harafin farko na sunansa, ya ce ni mai zurfin ciki ce mai ɗaukar nauyin kowa. Yanzu ya ce in biya dala 300 ya koya mini sarrafa baiwar, in ba haka ba wani zai sake tafiya ina ji ina gani. Ina tunanin sayar da 'yan kunnen gwal na lefena. Da gaske ne kimiyya ta tabbatar? In biya? Kuma ina da laifi a rasuwar Yaya?

Ƙanwarki daga Zariya.

*

Wa alaikis salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan Yaya, ya yafe masa, ya raya abin da ya bari, ya ba ku haƙurin rashinsa. Tambayarki ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ita ce ke hana ki barci, kuma ita ce ƙofar da wancan mutumin ya shigo ta cikinta.

Ba ki da laifi. Shirun da kika yi, wanda kike ta cizon yatsa a kansa wata takwas, shi ne ainihin abin da Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya ga mummunan mafarki ya yi. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim: in mutum ya ga abin da yake ƙi a mafarki, ya nemi tsarin Allah daga sharrinsa da sharrin Shaiɗan, ya yi tofi sau uku ta hagunsa, kada ya ba kowa labari. Kin farka, kin yi addu'a, kin kame bakinki. Babu inda aka ce ki ɗauki waya ki bi 'yan uwa kina tare musu hanya. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman kuma kin san ta tun kina Islamiyya: babu wani rai da ya san abin da zai aikata gobe, babu wani rai da ya san a wace ƙasa zai mutu. Ba a ba ki ranar ba, ba a ba ki hanyar ba, ba a ba ki sa'ar ba.

Ki ma ɗauka kin kira shi da asubar nan. Mutum ne da ke ciyar da gida biyu da sitiyari. Kin fi ni sanin abin da zai ce: "Ki yi mini addu'a kawai, ƙanwata," ya tada mota. In ma ya zauna ranar don ya faranta miki, gobe fa? Jibi fa? Sai rana ta biyar abin ya faru. Kwana nawa za ki iya zaunar da direba a gida saboda mafarki? Wannan "da na yi kaza da kaza bai faru ba" da kike maimaitawa, Annabi ya hana mu ita, ya ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki, ya koya mana mu ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata.

Ba zan ce miki ba ki yi mafarkin ba, ba kuma zan yanke hukuncin wane iri ne ba. Hadisi ya kasa mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda mutum ke kwana da abu a ransa sai ya gan shi. Amma ki tambayi kanki tsakani da Allah: shekara nawa kina kwana da fargabar hanyar nan? Sau nawa kika ji an yi haɗari a Kwanar Dangora gabanki ya faɗi kika lalubi waya? Macen da yayanta ke kan titi kullum, abin mamaki shi ne a ce ba ta taɓa mafarkin mutuwarsa ba. Kowane dare ɗan Adam yana yin mafarki da yawa, akasarinsu kafin ya idar da sallar asuba sun ɓace. Tunaninmu kamar rariya yake wajen tankaɗe: garin mafarkan da ba su dace da komai ba ya zube ƙasa, tsakin da ya yi arashi da wani abu shi ke tsayawa a sama, sai mu ɗauka shi kaɗai muka taɓa zubawa. Masu bincike a Jami'ar Edinbara ta Birtaniya sun gwada wannan. Sun ba mutane jerin mafarkai tare da abubuwan da suka biyo bayansu su karanta, daga baya suka tambaye su me suka tuna. Waɗanda suka dace da abin da ya faru su mutane suka fi riƙewa, sauran suka fi saurin zubewa.

Ke kanki kina da lissafi a hannu, ba ki dai duba ba. A wata takwas ɗin nan mafarki nawa kika tashi kika yi waya a kansu? Nawa ne suka faru? Ƙanenki ya tafi Abuja ya dawo lafiya. Na san abin da zuciya ke raɗa miki game da maigida da Umma: ai don ba su je ba ne suka tsira. Ki yi hattara da wannan tunanin, don ba ya taɓa faɗuwa. In an je an dawo lafiya, addu'arki ce ta kare. In ba a je ba, gargaɗinki ne ya yi aiki. Ta kowace fuska tsoron ne ke cin riba, ke kuma kina ƙara ramewa.

Tambayar ko mafarki zai iya zama ƙararrawar gargaɗi, an yi mata gwaji na gaske, ba sau ɗaya ba. A watan Maris na 1932 aka sace jaririn Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman da ya yi suna a Amurka. Kafin a gano yaron, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard, Henry Murray, shi da abokin aikinsa suka sa cigiya a jaridu cewa duk wanda ya yi mafarki game da yaron ya rubuto. Mafarki kusan 1,300 suka samu. A watan Mayu aka tsinci gawar yaron a cikin daji kusa da gidansu. Da aka koma kan wasiƙun, kashi 5 cikin 100 ne kawai suka ga yaron a mace, huɗu tak kuma suka haɗa da cewa gawar tana cikin itatuwa. Mafi yawa sun gan shi da rai. Dukkansu da zuciya ɗaya suka rubuto, kowa yana jin nasa ne na gaskiya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Aberfan, wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales. Ranar 21 ga Oktoba 1966, tsibin tarkacen kwal da aka tara a kan tudu ya jiƙe da ruwa ya gangaro ya binne makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne, irin waɗanda kike koyarwa. Wani likitan ƙwaƙwalwa, John Barker, ya je wurin, ya ji labaran mutanen da suka ce sun ga abin a mafarki, har da wata yarinya cikin mamatan da iyayenta suka ce ta ba da labarin wani baƙin abu ya rufe makarantarsu. Abin ya tsaya masa a rai kamar yadda naki ya tsaya miki. Ya ce in haka ne, me zai hana a riƙa tattara irin waɗannan mafarkai tun kafin bala'i ya auku, a ceci rayuka? A farkon 1967 shi da wani ɗan jarida suka buɗe ofishi a Landan, duk wanda ya ga wani abu ya rubuto a sa kwanan wata. Ɗaruruwan saƙonni suka shigo. 'Yan kaɗan sun yi kama da wani abu da ya faru daga baya, mafi yawa ba su dace da komai ba, kuma ofishin bai taɓa hana bala'i ko ɗaya aukuwa ba. Matsalar ita ce babu alamar da ke bambanta mafarkin da zai dace da ɗari da ba za su dace ba, sai bayan abin ya wuce. Aikin da likita da jarida da ɗaruruwan mutane suka kasa, shi kika ɗora wa kanki ke kaɗai, da dare, da yara biyu da aji da ke jiranki da safe.

Sai batun kimiyya. Fannin da mutumin ya ambata akwai shi, kuma ni ina ganin mutuncin da yawa daga cikin waɗanda suka yi aiki a cikinsa. Tun 1882 wasu malamai a Ingila suka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura a Landan, da Henry Sidgwick na Jami'ar Kambirij a matsayin shugabanta na farko. A shekarun 1930 J. B. Rhine ya shigar da abin ɗakin gwaji a Jami'ar Duke ta Amurka. Kati 25 yake amfani da su, masu alamomi biyar: da'ira, gicciye, murabba'i, tauraro da layuka masu lanƙwasa. A ɓoye katin, mutum ya faɗi alamar. Da canki-canka kaɗai mutum zai dace da biyar cikin 25, don haka abin nema shi ne wanda zai riƙa wuce biyar a kai a kai. Rhine ya ba da rahoton ya samu irinsu. Wasu jami'o'i suka maimaita ba su samu ba, aka kuma gano cewa a wasu katunan farko ana iya hango alamar ta baya in haske ya faɗa musu. Duk lokacin da aka ƙara tsananta tsaro, sakamakon sai ya ƙara yin ƙasa. A 1974 abokan aiki suka kama daraktan cibiyar Rhine, Walter Levy, yana taɓa na'ura don sakamako ya yi kyau, Rhine da kansa ya fito ya sanar da duniya. Matarsa Louisa ta tara dubban wasiƙu irin taki, na mutanen da suka ce sun ga abu kafin ya faru, amma ba ta ɗauke su hujja ba, ta ɗauke su abin da ke nuna inda ya kamata a bincika.

Gwajin da masu goyon bayan fannin suka fi tinƙaho da shi ga yadda yake. A zaunar da mutum a kujera mai laushi, a rufe masa ido da rabin ƙwallon tebur, a kunna jan fitila, a sa masa wani shuu a kunne don kada ya ji komai. A wani ɗaki wani yana kallon hoto yana ƙoƙarin aika masa da zuci. Daga baya a nuna wa na farkon hoto huɗu ya zaɓi ɗaya. Dace kaɗai zai ba da kashi 25 cikin 100. A 1994 Daryl Bem da Charles Honorton suka ba da rahoton kashi 32. A 1999 Julie Milton da Richard Wiseman suka haɗa wasu gwaje-gwaje 30 ba su ga bambancin da ya wuce dace ba. Har yau ana ja-in-ja. Amma ki dubi lambar da kyau: ko a bakin waɗanda suka yarda, a wannan sakamakon nasu na kashi 32, cikin kowane ɗari an kuskure sau 68, kuma a kan zaɓen hoto ɗaya cikin huɗu ne, ba ranar mutuwar mutum ba. Shi Bem ɗin ya sake tada ƙura a 2011 da gwaje-gwaje tara a Jami'ar Cornell da ya ce suna nuna mutane na jin abin da bai riga ya faru ba. Shekarar da ta biyo baya masu bincike uku a Birtaniya suka maimaita ɗaya daga ciki, kowa a jami'arsa, ba wanda ya samu komai.

Maganar gwamnati ma da ƙamshin gaskiya, rabinta ya ba ki ya ɓoye rabi. Daga farkon shekarun 1970 hukumomin leƙen asiri da sojan Amurka sun kashe kusan dala miliyan 20 a kan mutanen da aka ce suna iya hango wuri mai nisa daga zaune, shirin da daga baya aka sani da Stargate. A 1995 aka sa masana biyu su duba. Jessica Utts, masaniyar ƙididdiga, ta ce tana ganin akwai wani abu a lambobin ɗakin gwaji. Ray Hyman ya ce bai gamsu ba. Amma rahoton ƙarshe ya ce bayanan masu hangen ba su taɓa zama abin da aka dogara da shi aka gudanar da wani aikin leƙen asiri ba, aka rufe shirin a shekarar. Shi ma James Randi, wani gwanin rufa-ido, ya sa kyauta tun 1964 ga duk wanda zai nuna irin wannan baiwa a gaban shaidu bisa sharuɗɗan da ɓangarorin biyu suka amince, kyautar ta kai dala miliyan ɗaya. Sama da mutum dubu suka nema, aka rufe a 2015 ba wanda ya ci.

To amsar ita ce a'a, kimiyya ba ta tabbatar ba. Akwai 'yan tsirarun masu bincike na gaskiya da ke ganin akwai ɗan abu da ya cancanci a ci gaba da dubawa, akasarin masana kuma ba su gamsu ba. Jami'ar Edinbara tana da sashe na wannan fanni tun 1985, da dukiyar da marubuci Arthur Koestler ya bari wasiyya. Abin da suke koyarwa shi ne yadda ake gwaji, da yadda mutum ke yaudarar kansa ko a yaudare shi. Babu mai mutunci a cikinsu da zai duba ki ta WhatsApp, ko ya ce zai buɗe miki baiwa, balle ya ce wani naki zai mutu in ba ki biya ba.

Yaya aka yi ya san sirrinki? Ɗauki wayarki ki buɗe shafinki na Facebook ko TikTok ki koma wata takwas baya. Ina kyautata zaton za ki ga hoton Yaya, da Innalillahi, da sunansa, da 'yan uwa a ƙasa suna rubuta Allah ya kiyaye mana hanya. Ba sai mutum ya iya Hausa ba, manhajar tana fassara masa. A 1986 Randi ya fallasa wani mai wa'azi a Amurka, Peter Popoff, wanda ke kiran sunayen mutane da cututtukansu da adireshinsu a taro yana cewa wahayi ne. Ashe matarsa ce ke karanto masa ta wata 'yar na'ura a kunne, daga katunan da mutanen suka cike da hannunsu a bakin ƙofa. Yau ba a bukatar kati, mun riga mun baza komai da kanmu.

Zurfin ciki da ɗaukar nauyin kowa kuwa, wace mace ce za a gaya wa haka ta ce ba ita ba ce? A 1948 wani malamin jami'a, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takarda ya ce bayanin halin kowa ne shi kaɗai, su ba shi maki daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin ya haura huɗu. Sai ya ce su dubi takardun juna: magana ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto ta daga littafin taurari.

Kada ki ce ko ƙarya ce ai ba ta cutarwa. A 2004 wata uwa a Amurka da aka sace 'yarta ta je shirin talabijin ta tambayi Sylvia Browne, shahararriyar mai duba, aka ce mata 'yarki ba ta da rai. Uwar ta rasu a 2006 da wannan baƙin cikin. A 2013 yarinyar ta kuɓuto da ranta daga gidan da aka tsare ta a birnin Cleveland, a garin da uwar ta zauna tana kuka.

Mu a nan mun san wannan sana'a tun kafin a yi intanet. Ɗan duba ne, ko ya shimfiɗa yashi yana bugun ƙasa ko ya sa kwat ya rataya takardar shaida a bango. Hadisin Muslim bai bar wurin kwana-kwana ba: wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ba don in ƙara miki nauyi na kawo shi ba. Kin je ne kina zaton likita ne, cikin ruɗewar rashi. Ki yi istigfari ki wuce, in zuciyarki ba ta natsu ba ki tambayi malamar Islamiyyarku. Dala 50 ɗin ki ɗauka ta tafi. Kada ki yi masa bayani, kada ki yi masa sallama, ki toshe lambarsa da shafinsa yau. Zai iya biyo ki ta wata lamba da rangwame, ko da sabon gargaɗi mai ɗauke da sunan ɗanki, tunda ya ga hotunan yaran. In haka ta faru ki miƙa wa maigida wayar, kada ki karanta ke kaɗai. Ki kuma rufe shafukanki yadda sai wanda kika sani zai gani. 'Yan kunnenki su zauna inda suke.

Muryar da kike ji a kicin kada ta firgita ki, kada kuma ki bari a ce miki alamar baiwa ce ko aljanu. Wani likita a Wales, Dewi Rees, ya tambayi mata da maza 293 da suka rasa abokan aurensu, a 1971 ya wallafa cewa kusan rabinsu sun fuskanci irin wannan: wasu sun ji kamar mamacin yana tare da su, wasu sun ji muryarsa, wasu har sun gan shi. Kunnen da ya shekara ashirin da wani abu yana jin mutum yana kiransa ba ya daina sauraro a wata takwas.

Abin da ya fi damuna shi ne barcin. Rashin barci yana ƙara munanan mafarkai, munanan mafarkai suna ƙara tsoron kwanciya, haka abin ke zagayawa. Wata takwas ya isa a ga likita. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa yana nan kusa da ke, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Na san abin da mutane ke cewa in an ga mutum a can. Ki bar su su ce. Ki gaya wa likita komai yadda kika gaya mini, har da muryar, har da kiran waya da tsakar dare. Akwai hanyar da suke koyar da masu yawan mugun mafarki, inda mutum da rana yake sake tsara mafarkin a ransa ya canza masa ƙarshe yana maimaitawa, kuma tana taimakon mutane da yawa. In tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, ko kin kasa cin abinci, ko kin kasa kula da yaran, kada ki jira ranar ganin likita, ki gaya wa maigida a tafi a ranar. Azkar na kwanciya da ganin likita ba sa karo da juna, ki riƙe duka biyun.

Masu bincike da yawa za su ce ki ajiye littafi ki riƙa rubuta kowane mafarki da kwanan wata don ki ga da idonki nawa ke dacewa. Dabara ce mai kyau ga wanda hankalinsa ke kwance. Ke ban ba ki ita yanzu ba, don za ta ƙara mai da ke mai gadin dare, alhali gadin nake so ki ajiye. In kin farka a firgice ki yi abin da kika yi a wancan daren: a'uziyya, tofi uku ta hagu, ki juya ɗaya gefen, in kin kasa komawa ki yi alwala ki yi nafila. Wayar ki kwana da ita a falo.

Maigida bai yi ƙarya ba da ya ce gidan ya zama na fargaba, amma ina zaton bai san kina ɗauke da laifin mutuwar Yaya a ranki ba, tunda wancan mafarkin ba ki gaya wa kowa yadda yake cin ki ba. Ki zaunar da shi bayan yara sun yi barci ki gaya masa duka, har da dala 50 ɗin, gara ya ji daga bakinki. Ki ba shi haƙurin aikin da ya rasa. Ku yi yarjejeniya: ba za ki sake hana shi tafiya saboda mafarki ba, shi kuma zai kira ki in ya isa, ya guji tafiyar dare in da hali, ya ɗaura bel, ya yi wa direba magana in yana gudun wuce sa'a. Waɗannan su ne abubuwan da ke hannun ɗan Adam a kan titi. Tafiyarsa ta farko za ta yi miki wuya ƙwarai, ki kira wata 'yar uwa ta zo ta taya ki yini.

Dangin da ke cewa baiwa ce, ki ce musu kin tambaya an ce mugun mafarki ba a ba da labarinsa, daga nan ki daina kawo musu, su ma za su daina tambaya. Umma kuwa ki je da kanki, ba ta waya ba. Ita ɗa ta binne, kuma duk kiran da kika yi mata da asuba sabon faɗuwar gaba ne a gare ta. Ki ce mata bikin da ya taso nan gaba ta shirya, ke za ki raka ta tasha. Bayan kin ga likita ki sake rubuto mini, ina so in ji awa nawa kike samu kina barci.